Ɗantani Yana Riruwai

"Kai, wancan mai taya daddawar ba Ɗantani ba ne?"

"Ɗantani yana Riruwai."

"Ga shi can kuwa, har da hularsa mai kunne ɗaya a tsaye."

"Na ce maka yana Riruwai. Da kai aka yi masa rakiya ko ba da kai ba?"

"Da ni."

"Ka yi kuka?"

"Ban yi kuka ba, amma na yafe masa kazata."

"To kawar da kai. Mutum ya yi sallama, kai kuma ka tsaya kana ganinsa. Wannan ai rashin tarbiyya ne."

A Yako aka yi wannan zance, cikin shekarun 1950, lokacin da kuza ke tashe, kamfani yana ta ɗibar majiya ƙarfi daga ƙauyuka zuwa ramukan Riruwai. Wanda ake maganarsa yana jin su sarai. Ya karɓi daddawarsa, ya wuce ta gabansu bai ce musu uffan ba, su ma ba su ce masa ba. Ba gaba ake yi ba. Mutunta juna ake yi.

Ɗantani manomi ne ɗan manomi. Ran Litinin aka haife shi, sunan ya bi shi, har na yankan ya ɓace ba mai tunawa sai liman. Gonarsa ɗaya ce a bayan gari, tudunta na gero da gyaɗa, kwarinta na dawa. Matarsa Saude. Da rani ba shi da sana'a sai tufkar igiya. Ya rayu har ya ga jikoki, bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa shiga gaban alƙali ba. Abin da aka san shi da shi guda ne, cika al'ada. In ya tsaya gaisuwa zai tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya, ya tambayi gajiyar jiya, sannan ya gangaro kan awaki. An ce ya taɓa tsayawa gaida wani Bafillatani a hanyar Kiru, kafin su kai ga "madalla" shanun sun je mashaya sun sha sun dawo.

Da aka gama kaka ta wata shekara, Heluma Hamidu ya shigo Yako a kan keke. Heluma shi ne shugaban leburori, shi kamfani ke turowa ya zaɓo masu aiki. Ya zauna gindin durumin ƙofar mai unguwa, maza suka jeru. Da ya zo kan Ɗantani ya latsa damtsensa kamar mai taya rago, ya zagaya ya duba wuyansa.

"Wannan wuya ai don kwanon sarki na ɗibar ƙasa aka halicce shi," in ji Heluma. "Kai namu ne. Ka shirya, ka same ni a Kwanar Dangora, daga can mota ke tashi."

Da wani ne, ƙunshe tsummansa zai yi ya sulale da sassafe. Ɗantani kuwa gida-gida ya bi yana neman gafara. Ya nemi gafarar wanda akuyarsa ta ci wa wake, da wanda ya taka wa kaza bara, da wanda ya taɓa wucewa bai tambayi gajiyarsa ta jiya ba. Kowa ya yafe. Inna Laraba, tsohuwar da ta yanke masa cibi, ta riƙe gefen rigarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta cika masa jaka da ƙuliƙuli. A gaban dattawa ya kira Ubale, ɗan kawunsa, abokin wasansa, ya ce, "Ga gonata a hannunka sai na dawo."

"Je ka abinka, taubashi," in ji Ubale. "In rami ya rufta da kai ma kada ka damu, ina riƙe da ita."

Liman ya yi addu'a mai tsawo, Allah ya ba Ɗantani sa'ar aiki, ya dawo da shi lafiya. Aka shafa. Rabin gari ya raka shi har bakin rafi, aka tsaya ana ɗaga masa hannu har ya shige cikin kalgo.

A Kwanar Dangora ya tarar da mota ta cika, mutane sun maƙale a jikinta kamar jemagu a reshe. Heluma ya leƙo daga gaba.

"Ash! Ɗantani ne? Yau kam ta cika. Amma kana raina. Ka riƙa leƙo ni."

Mota ta tashi. Da la'asar sakaliya, rana tana haska kowa, Ɗantani ya sake ƙetare rafin Yako da jakar ƙuliƙuli a ka.

Inna Laraba ce ta fara hango shi. Ta dube shi sama da ƙasa, ta juya wa hanya baya.

"Ni na riga na yi kukana," ta ce wa katanga. "Hawaye ba kunu ba ne balle a mayar tukunya a ɗumama gobe."

Kafin magariba magana ta rikice. Mai kaza ya zo yana tambaya ko yafiyar tana nan, ko kuwa kazarsa ta dawo. Dattawa suka taru ƙofar mai unguwa. Liman ya ce addu'a ta riga ta tafi, ba a aika mata ta juyo. Wani ya ce in aka sake aka ce Ɗantani yana gari, to gari guda ya yi kukan banza, shi kuma ya zama abin dariyar yara har ya mutu. Daga ƙarshe mai unguwa ya yanke: don rufin asirin kowa, Ɗantani yana Riruwai. Zai ci gaba da zama a can har ranar da zai je ya yi aiki ya dawo, a tarye shi bakin rafi yadda aka raka shi.

"To ya taka da ƙafa mana, ya taɓa ƙasar Riruwai ya juyo," in ji wani.

"Addu'ar aiki muka yi," in ji liman, "ba ta yawon buɗe ido ba. Sai an ɗauke shi."

Ɗantani yana tsugune a gefe. Ba a tambaye shi ba, tunda ba ya nan, amma ya gyaɗa kai. Da shi aka ba shari'ar, haka zai yanke.

Zama ya miƙa. In an yi suna a unguwa, mai rabon goro zai wuce shi ya miƙa wa Saude, ya ce, "Ga na mai gidan, a ajiye masa." Mata kan shigo yi mata dannar ƙirji, su ƙetare ƙafafunsa a zaure yana tufka, su ce, "Saude, ya kewa? Kin ji daga gare shi?" Ta ce, "Ina ji kullum." A masallaci yakan tsaya a sahu, bayan sallama liman ya roƙa wa matafiya, ya ambaci sunansa, shi ma ya ɗaga hannu ya ce amin, har amin ɗinsa ta fi ta kowa ƙarfi.

Saude kaɗai ce ba ta shiga wannan tsari ba in sun rage su biyu.

"Malam, ni dai ban taɓa ganin matafiyi mai cin tuwon gida kamar kai ba. An ce ka riƙa leƙa mutumin nan. Ka leƙa shi?"

Ya fara leƙawa. Heluma ba mazauni ba ne, kasuwanni yake bi, don haka duk inda kasuwa ta ci can Ɗantani yake. Ba a zuwa gaida babba hannu rabbana, kowace tafiya sai ya riƙa masa sabuwar igiya. A Bebeji ya same shi gindin rimi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ɗauko gaisuwa daga tushe. Yana kan gajiyar jiya Heluma ya miƙe. Ya shiga awaki Heluma ya hau keke. Da ya zo kan maganar da ta kawo shi, ba kowa a gabansa sai sawun taya.

"Ka fara da maganar, ka ƙare da gaisuwar," in ji Saude.

"Subhanallahi! In fara da buƙata kamar ɗan tasha?"

"To ka rage."

Ya kwana biyu yana tunani, ya yarda zai cire awaki.

A Kiru, da aka cire awaki, magana ta samu shiga.

"Ranka ya daɗe, maganar nan tamu."

"Tana nan, ba ta je ko'ina ba," in ji Heluma yana ɓare goro. "Sai dai wannan watan Bature gajeru yake so. Sabon ramin ƙasa-ƙasa ne. Kai kuwa dube ka, kamar giginya. Ka riƙa leƙo ni."

Ɗantani ya koma gida ya koyi tafiya a duƙe. Da kasuwar Tudun Wada ta zagayo ya isa gaban Heluma a sunkuye, haɓarsa na neman gwiwa.

"Kash! Ka ga rashin sa'a. Yanzu dogaye ake nema, masu miƙa kwano sama. Kai kuma me ya same ka ka koma haka?"

Ɗantani ya miƙe tsaye ƙyam.

"A'a, na riga na gan ka a gajere. Ba na yi wa Bature ƙarya."

Wata kasuwar aka ce Bature ya tafi hutu ƙasarsu, ya tafi da makullin rami. Wata aka ce ya dawo, amma ya manto makullin. Igiyoyi suka yi ta taruwa a bayan keken Heluma har mata suka fara tsayar da shi suna taya ta guga.

Tunda ba kyau mutum ya faɗi buƙata ya tashi nan take, Ɗantani yakan zauna gefen tabarmar Heluma har kasuwa ta watse. Yana jin abin da ake gaya wa samari game da Riruwai, ya haddace, ya ƙara gishiri. Ba a daɗe ba, in Heluma ya tashi salla, shi ke riƙe zancen.

"Riruwai? Yaro, can ruwa da kansa yake zuwa cikin bututu ya fasa dutse, kai dai tsayawa za ka yi kana yi masa sannu. Ran Juma'a nama har sai ka ce a kai kasuwa. Fitilar bariki kuwa, in ka yar da allura, ita za ta nuna maka."

"Baba, kai ka je ne?"

Ɗantani ba ya ƙarya. "Je ka Yako ka tambayi kowa inda nake," yake cewa.

Wasu sun je sun tambaya. Daga liman har mai unguwa amsa ɗaya suka bayar. Samari suka yi ta cika mota, Ɗantani yana taya su ɗora kaya, yana yi musu addu'a, mota ta tashi ta bar shi da Heluma yana ce masa ya riƙa leƙowa. A Yako ma iyaye suka fara tsayawa kusa da shi, ba tare da sun dube shi ba, suna cewa da ƙarfi, "Da za a sami wanda ke Riruwai, da ya gaya wa Habu uwarsa ta ce ya rage shan taba." Shi kuma ya ɗauki saƙo da amana ya kai wa Heluma.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gabas ta fara haɗa gira. 'Yan cin rani suka fara dawowa, sun rame, tsakar kansu ta sulɓe saboda ɗaukar kwano. Aka tarye su bakin rafi da guɗa. Inna Laraba ta tare Habu.

"Ina kuka baro mini Ɗantani?"

Habu yaro ne mai hankali. Ya saci kallon Ɗantani da ke zaune kan kututture, ya ce, "Lafiya lau muka baro shi, Inna. Yana gaishe ku."

"Alhamdu lillahi," in ji Ɗantani a hankali. Ya ji daɗin labarin.

Washegari ya zagaya bayan gari ya ga hayaƙi a gonarsa. Ubale ne ke shara, ya tara kara yana ƙonawa, ga irin dawa ya ajiye a tudu, irin gero a kwari.

"Ubale! Dawa a tudu? Kana hauka ne?"

Ubale ya dakata, ya kasa kunne, ya dubi jakinsa.

"Ka ji, Duna? Kamar muryar taubashina daga Riruwai. Allah sarki, kewa ce."

"Ni ne nan a bayanka, ɓarawon gona!"

"Da yana kusa," Ubale ya ci gaba da gaya wa jaki, "da na tuna masa abin da ya faɗa gaban dattawa. Sai ya dawo. In ruwan shuka ya sauka bai dawo ba, bana tawa ce, in shuka abin da na ga dama inda na ga dama. Ina ma tunanin rogo."

Ɗantani ya juya gida. Maganar Ubale ba ta da ƙofar musu.

Saude ba ta bari ya zauna ba. Ta ɗauko jakar nan ta Inna Laraba, wadda ƙuliƙulinta ya daɗe da ƙarewa, ta zuba masa ɗanwake busasshe da gari.

"Malam, rumbu ba ya cin al'ada. In Ubale ya shuka gonar nan, baɗi tuwon gaisuwa za mu ci. Ka nemo mutumin nan duk inda yake. Ka je, ka yi aikin, ka dawo kafin ruwa. Kuma kada ka yi wa kowa sallama, don Allah."

Ya fita ba sallama, abin yana ci masa rai har Kwanar Dangora. Can aka ce Heluma yana Tudun Wada. A Tudun Wada aka ce ya yi gaba. Ɗantani ya bi ayarin fatake ya ratsa daji, ƙafa ta kumbura, har Doguwa. Nan ya hango motar kamfani a gindin ɗorawa, bayanta wayam ba ko mutum ɗaya. Kowa ya koma gona. Direba yana barci a ƙarƙashinta, Heluma yana zaune kan tulin igiya ya yi tagumi.

Da ganin Ɗantani, Heluma ya yi wuf ya miƙe, ya tuɓe takalmi.

"Maraba da Malam Ɗantani! Sannu da zuwa. Ina gajiya? Ina gajiyar jiya? Ya mutanen gida? Ya yara? Ya Inna? Ya awaki?"

Tun da aka haifi Ɗantani ba a taɓa yi masa gaisuwa mai daɗin wannan ba. Ya ji amsoshin sun taso masa har maƙogwaro, kowace da 'yar'uwarta. Sai ya tuna dawa a tudu. Ya haɗiye su.

"Lafiya. Heluma, maganar aiki."

"Hau mota."

"Na'am?"

"Hau, na ce. Gaba ma za ka zauna, kusa da direba."

"Ba a neman gajeru?"

"Ana nema."

"Dogaye fa?"

"Su ma. Yanzu ko gurgu ya zo, in yana da kai, za a ɗora masa kwano. Da damina ake wankin kuza, ga ruwa ga aiki, mutanen kuma duk sun gudu gona."

Ɗantani ya dafa ƙarfen motar, bai hau ba.

"To me ya hana tun rani?"

Heluma ya yi dariya, ba alamar kunya.

"Haba Malam, wa ke kai kaza mai ƙwai kasuwa? Duk wanda ya ga ramin nan da idonsa, bakinsa mutuwa yake yi. Ka ji waɗanda suka dawo suna yabon nama? A duk ƙasar nan kai kaɗai ne mutumin Riruwai da ke yabon Riruwai. Da na kai ka, wa zai cika mini mota? Yanzu kuwa ba sauran wanda za ka yi wa zance. Hau, sai kaka in Allah ya kai mu."

"Kaka?"

"Kaka mana. Wanda ya shiga da damina, sai an yi girbi."

Gabas ta yi ƙugi can nesa, iska ta kaɗo ƙanshin ƙasa. Ɗantani ya ɗaga kai ya dubi hadarin, ya auna shi da idon manomi. Bai nuna ba tukuna, amma ya kusa.

"Heluma, ni ba zama ya kawo ni ba. Dawowa nake nema. Ka ɗauke ni yau, in ɗauki kwano a gaban shaidu, gobe ka kore ni."

"Ai ɗauka ce tawa. Kora ta akawu ce, yana can bariki."

"Yana kora?"

"Da damina? Wani bara ya kwanta barci cikin rami, aka ba shi riƙon masu barci. Amma ba a yanke ƙauna. Mutumin kirki ne, yana son gaisuwa."

"To yaya ake yi da shi?"

"Ka riƙa leƙa shi."

Ɗantani ya dubi hanyar Yako, ya dubi hanyar Riruwai. Ya sunkuya ya zaro igiya ɗaya mai kyau daga tulin da Heluma ya tashi a kai, ya naɗe ta ya sa a jaka, don ba a zuwa gaida babba hannu rabbana. Ya hau gaba ya zauna. Aka tashi direba, aka murɗa mota ta kama, Heluma ya matso kusa da shi ya ja ƙofa.

Sun fara gangarawa ɗigon farko ya faɗo kan gilashi. Ɗantani ya gyara hularsa, ya juyo, ya rage murya yadda ake yi in za a nemi alfarma.

"Ranka ya daɗe, kai ka san ni, ka san halina. Don Allah in mun isa ka sa baki wajen akawun nan, ka gaya masa ba ni da wani amfani, a taimaka a kore ni da wuri."